Katangar Majigi da Shingen Kongolam

A shekarar 1927 aka fitar da Metropolis a ƙasar Jamus, fim ɗin da Fritz Lang ya shirya, wanda ya zana birnin gobe mai hawa biyu: attajirai a sama cikin lambuna, ma'aikata kuwa a ƙarƙashin ƙasa suna yi wa inji bauta dare da rana. Finafinan ƙagen kimiyya masu hasashen mummunar makoma sun gaji wannan fasali. A Elysium na 2013 masu hali sun ƙaura sararin samaniya, inda na'ura ke warkar da kowace cuta, aka bar talakawa a duniyar da ta lalace. A Snowpiercer, shi ma na 2013, ragowar bil'adama suna cikin jirgin ƙasa guda, manya a taragon gaba, matalauta a na baya.

Masu shirya waɗannan finafinai sun san cewa katangar da suke zanawa daga tarihi suka ɗauko ta. District 9 na 2009, wanda Neill Blomkamp ya shirya, ya samo tushe daga unguwar District Six ta birnin Cape Town, wadda gwamnatin wariyar launin fata ta keɓe wa Turawa a 1966, ta tashi mazaunanta. Sai dai fim ɗin da ya tausaya wa baƙi daga wata duniya ya nuna 'yan Nijeriya a matsayin 'yan daba masu cin naman mutane. Ministar yaɗa labarai ta lokacin, Dora Akunyili, ta nemi a daina nuna shi a gidajen sinima. Ashe mai kukan an ware wasu yana iya ware waɗansu, matuƙar kyamara tana hannunsa shi kaɗai.

Mutanen Kongolam, garin kan iyaka a ƙasar Daura bisa hanyar Damagaram, ba sa buƙatar majigi don sanin wannan katanga. Shekaru kusan ashirin kafin Metropolis, Ingila da Faransa suka ƙulla yarjejeniyar 1906, sannan Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho suka bi ƙasa suna kafa alamomin iyaka har zuwa 1908. Layin ya ratsa tsakanin mutane masu harshe ɗaya da kasuwanni ɗaya da auratayya.

Shingen ya sake nuna ƙarfinsa a Agustan 2019, da Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa har zuwa Disambar 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, rufewar da aka ɗage a Maris na 2024. A rufewar 2019, mai fasfo da kuɗin jirgin sama ya ci gaba da tafiyarsa. Ɗan dako da direba da mai tallar abinci a tasha su suka ji a jikinsu. Tsarin taragon gaba da na baya ke nan, ba tare da an ƙaga komai ba.

Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan fage, domin tun 1969 Umaru Dembo ya wallafa Tauraruwa Mai Wutsiya, ƙagen labarin da ya kai mai karatu sararin samaniya. Abin da ya rage shi ne masu shirya finafinan Hausa su ɗauki wannan gado. Idan aka yi fim ɗin makoma da aka kafa a Kongolam, ɗan dakon da ke tsaye a bakin shinge zai samu suna da dangi da hujjarsa, kuma shi zai ba da labarin da bakinsa.