Rana da Ƙafewar Ruwa: Sake Duba Gubar Ƙwayoyin Nano a Tabkunan Ɗan Gulbi

Tsakure

Maƙalar nan ta ƙalubalanci ra'ayin da ke cewa ƙwayoyin nano da masana'antu ke ƙerawa ba su kai yawan da za su cutar da halittun ruwa ba. An gina ra'ayin a kan kogunan Turai da Amurka, kuma bai dace da tabkunan damina irin na ƙaramar hukumar Ɗan Gulbi da ke Dakwaro, jihar Maraɗi ba.

Waiwaye

Ƙwayoyin nano su ne waɗanda girmansu ke tsakanin nanomita 1 zuwa 100. Ana sa na azurfa a tufafi don kashe ƙwayoyin cuta, na titaniyam dayoksaid kuma a man shafawa da fenti. Oberdörster (2004) ta ba da rahoton illa a ƙwaƙwalwar kifi, Benn da Westerhoff (2008) suka nuna azurfa na fita daga safa a ruwan wanki.

Taƙaddamarmu tana tare da masu kafa hujja da Gottschalk da abokan aikinsa (2009) da Kaegi da nasa (2011). Na farko lissafi ne na abin da ke shiga ruwa a Turai da Amurka, ya kuma sami adadi ƙanƙane. Na biyu ya nuna cewa a matatar ruwan ƙazanta azurfa kan haɗu da sinadarin kibritu, dafinta ya ragu ƙwarai. Ayyukan biyu ingantattu ne a muhallinsu. Sai dai sun tsaya a kan sharuɗɗa biyu: kogi mai gudana da ke tsarma guba, da matatar da ke tare ta. Ɗan Gulbi ba ta da ko ɗaya.

Hanyar bincike

An bi diddigin gwaje-gwajen da aka buga, aka auna sharuɗɗansu da yanayin tabkin Sahel.

Sakamako

Tabkin damina ba shi da mafita. Ruwan Yuni zuwa Satumba kan kwaso sharar gari ya zuba a ciki, a nan ake wanki, a nan dabbobi ke sha. Da rani ya kama ruwa na tafiya sama, ƙarfe kuwa ba ya tashi da tururi. Tabkin da ya ragu zuwa kwata, abin da ke cikinsa ya tattaru a sauran ruwan ko ya kwanta a laka, inda gaiwa ke binne kanta har damina ta dawo.

Babban abin da ya kamata a tsaya a kansa shi ne rana. Ma, Brennan da Diamond (2012) sun gwada ƙwayoyin titaniyam dayoksaid a kan Dafniya, ƙaramar halittar da 'ya'yan kifi ke ci, da kuma kifin medaka na Japan. A ƙarƙashin fitilar ɗakin gwaji dafin kaɗan ne. Da aka haska musu haske irin na rana, sai ya ninka sau ɗari zuwa dubu goma. Dalili shi ne hasken altarabayolet na zaburar da ƙwayar ta fitar da wani nau'in iskar oksijin mai ƙona fatar tantanin halitta. Gwajin ƙungiyar OECD mai lamba 202 kuwa, wanda ake dogara da shi wajen cewa sinadari ba shi da lahani, awa 48 ake yin sa a ɗaki, a zafin digiri 18 zuwa 22. Ina wannan ina tabki marar zurfi a fili, a ƙasar da zafin Afrilu ke haura digiri 40? Abin takaici ne a ɗauki hukuncin da aka yanke a inuwa a ɗora wa ruwan da ke kwana da tashi a rana. Idan Dafniya ta ƙare, 'ya'yan tarwaɗa sun rasa abincin farko.

Iyakar bincike

Ba a ɗebi ruwan tabkunan an auna ba. Gaskiya ne kuma gurɓin yumɓu na iya tare haske ya dunƙule ƙwayoyin, kuma yawancin titaniyam ɗin fenti ya fi girman nano. Wannan na iya rage haɗarin a saman ruwa, amma cikin laka yake mayar da shi.

Kammalawa

Ba a kafa hujjar cewa tabkunan Sahel sun tsira ba. Muna kira ga masu bincike a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi su auna ruwa da laka a ƙarshen damina da tsakiyar rani, su kuma yi gwajin a ƙarƙashin rana, da halittun tabkin kansu.