Ayari da Zango: Yadda Labari Ke Yaɗuwa a Hanyar Gwanja

1.0 Gabatarwa

Kafin zuwan waya da jarida da rediyo, labari a ƙasar Hausa da ƙafa yake tafiya. Ba ya zuwa inda mutum bai je ba, kuma ba ya wuce saurin jaki ko doki. Manufar wannan maƙala ita ce nuna yadda zirga-zirgar fatake tsakanin Kano da Gwanja ta gina hanyar sadarwa mai ƙarfi, da kuma abin da ya sami wannan hanya yayin da tafarkin matafiya ya sauya.

2.0 Hanyar Gwanja

Littafin Tarihin Kano ya ambaci buɗe hanyar Gwanja a zamanin Sarki Abdullahi Burja, wato wajen tsakiyar ƙarni na 15. Amma a ƙarni na 19 ne fataucin goro ya bunƙasa a hannun Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Ayari kan tashi da rani ɗauke da kanwa da riguna da kayan fata, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu da Sansanin Mango da Yendi, ya sauka Salaga, inda ake kawo goro daga dazuzzukan Asante. Tafiyar takan ci watanni.

Madugu ne shugaban ayari, jagaba na gabansa, malamin ayari kuma shi ke zaɓen ranar tashi da rubuta wasiƙu. Babu madugun da zai kai labari in bai san abin da ke gaba ba: wane sarki ya rasu, ina aka ƙara kuɗin fito, ina 'yan fashi suka tare, nawa goro yake a kasuwa. Saboda haka duk inda ayari biyu suka yi kiciɓis, mai tafiya da mai dawowa, musayar labari ake fara yi kafin ciniki. Labari a nan jari ne, domin wanda ya riga sanin goro ya yi tsada a Kano ya riga abokan sana'arsa riba.

3.0 Zango da Maigida

Matafiyi shi kaɗai ba ya isa ya yaɗa labari, domin baƙo ne, kuma ba kowa ke gaskata baƙo ba. Abin da ke ba maganarsa nauyi shi ne zango. A can yake sauka gidan maigidansa, wato fatoma, wanda zai ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa a kan bashi. Zauren fatoma ne matattarar labaran garuruwa, daga nan su shiga masallaci da kasuwa, su kai fada.

Ke nan aikin kashi biyu ne. Mai tafiya shi ke haɗa al'ummu masu nisa, mazauni kuma shi ke tace labarin ya rarraba shi cikin dangi da maƙwabta. A 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya nuna cewa sabon labari ya fi zuwa wa mutum daga waɗanda sanayya ce kawai tsakaninsu, domin makusanta abu ɗaya suka sani. Alaƙar farke da fatoma ta dace da wannan ra'ayi, sai dai da ƙari: addini ɗaya da harshe ɗaya da bashin da ke tsakani su ne suka sa maganar baƙo ta zama abin dogaro. Farken da ya yi ƙarya a zango ɗaya, sunansa zai riga shi isa na gaba.

4.0 Sauyin Hanya

Hujja mafi ƙarfi ita ce abin da ya biyo bayan yaƙin basasar Salaga na 1892. Da garin ya watse, fatake da malamai suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da Kintampo, daga baya kuma Kumasi da Ankara. Cikinsu har da Alhaji Umaru Salaga, haifaffen Kano, wanda ya zauna Kete-Krachi har rasuwarsa a 1934. Waƙoƙinsa da almajiransa sun bi sababbin zangunan. Watsewar cibiya ɗaya ta haifi cibiyoyi da dama, harshen Hausa kuma ya ƙara kafuwa a ƙasar da a yau ake kira Gana.

Iyakokin Turawa ma ba su tsare wannan hanya nan da nan ba. Alal misali, Ɗan Makaho ya tsero daga yankin Faransa bayan boren da aka yi can a ƙarshen 1905, ya iso Satiru kusa da Sakkwato, aka yi tawaye a watan Fabrairu 1906. Abin da ya fi raunana ayari shi ne jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Goro ya koma bin teku zuwa Ikko, daga nan ya hau dogo. Zangunan Bargu suka ja baya, unguwannin Hausawa na bakin dogo, irin su Sabo ta Ibadan, suka gaji aikinsu.

5.0 Kammalawa

A taƙaice, inda mutane suka bi nan labari ke bi, inda suka sauka nan yake samun masu gaskata shi, in kuma hanya ta mutu garin da ke kanta ya kurumce. Wannan darasi ne ga manazarcin tarihi da adabi. Wanda ya dogara da takardun fada da rahotannin Turawa kaɗai zai ɗauka sarakuna ne suka fara jin kome. Mai son gano yadda wata waƙa ko kalma ko ɗariƙa ta isa wani gari, sai ya tambaya wace hanya ta ratsa garin, wane ayari ke binta, kuma gidan wa yake sauka.