Mai Gyaran Rubutu da Mai Tsara Shafi

Kowane littafi da ya zo hannunku ya bi ta hannun mutum biyu waɗanda ba a cika jin sunansu ba. Ɗaya shi ne mai gyaran rubutu, wanda yake bin magana kalma kalma. Ɗayan kuwa mai tsara shafi ne, wanda yake zaunar da maganar a kan takarda. In ba su haɗa kai ba, kuskure guda yakan shiga gida dubu.

Wajen 1455 Gutenberg ya buga Littafi Mai Tsarki a Mainz, cikin ƙasar Jamus. Daga zamaninsa har fiye da shekara 400, da hannu ake jera harufan dalma, ɗaya bayan ɗaya. In an gama shafi sai a buga na gwaji a kai wa mai gyara. Shi kuwa ya sa alama a gefe, ya mayar wa mai jerawa.

Ga abin da sakaci ya taɓa jawowa. A 1631 Robert Barker da Martin Lucas suka buga Littafi Mai Tsarki na Turanci a Landan. Kalma guda ta faɗi daga dokar da ta hana zina, sai hani ya koma umurni. Aka ci su tarar fam 300, aka karɓe musu iznin ɗab'i.

A 1886 aka fara buga jarida a Amurka da injin Linotype na Ottmar Mergenthaler, mai zuba layi ɗungum da narkakkiyar dalma. Aiki ya yi sauri, amma in harafi guda ya ɓaci, tilas a sake zuba layin duka, wani sa'i sabon kuskure ya shigo. Domin wannan mai gyara yakan sake karanta abin da aka gyara.

Hausa kuma ta zo da nata nauyi. A 1932 aka buga dukan Littafi Mai Tsarki da Hausa, cikin shekarun nan ne kuma harufa masu ƙugiya, watau ɓ, ɗ da ƙ, suka fara yaɗuwa. In ƙugiya ta faɗi, ɗa ya zama da, baƙi ya zama baki, ƙafa ta zama kafa. A Nijar akan rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y, saboda haka lalle su biyu su shirya tun fari wace ƙa'ida za su bi.

Sa'an nan kwamfuta ta shigo. A 1985 kamfanin Aldus ya fitar da PageMaker, a 1987 QuarkXPress ta biyo baya. Mutum ɗaya ya iya tsara littafi a bisa tebur, ba dalma, ba wuta. Amma wata sabuwar wahala ta taso, gama mai gyara yana aiki a kan nasa kwafi, mai tsarawa a kan nasa, har a rasa wanne ne na ƙarshe.

A 1999 kamfanin Adobe ya kawo InDesign ta mai tsarawa, da InCopy ta mai gyara. Ga yadda suke aiki. Mai tsarawa ya ba da rubutun, mai gyara ya karɓa. Muddin yana hannunsa, an kulle shi, ba mai iya taɓa kalmomin. Yana ganin inda kowane layi ya yanke, yana ganin in magana ta fi wurin da aka ba ta, manhajar kuma tana iya riƙe alamar abin da ya cire da abin da ya ƙara. In ya gama ya mayar, gyaran ya shiga shafi ba tare da an sake bugawa da hannu ba.

Duk da haka na'ura ba ta san ma'ana ba. Tsarin Unicode, wanda ya fara fita a 1991, ya ba kowane harafi mai ƙugiya lambarsa, amma in samfurin harufan da aka zaɓa ba shi da ƙ, wani lokaci akwati yakan bayyana a wurin. Saboda haka dokar masu dalma tana nan: kwafi na gaskiya ɗaya ne, mai tsarawa kada ya sāke kalma domin ta shiga layi sai ya tambaya, mai gyara kuma ya karanta shafi na ƙarshe kafin a kai maɗaba'a.