Hanyar dogo ta Fairbourne: an tsuke layi, jirage suka ƙara jiki

A gaɓar tekun yankin Wales na Birtaniya, inda kogin Mawddach yake kwarara cikin teku, akwai wata ƴar hanyar dogo da tsawonta bai wuce kilomita uku da ɗoriya ba. Duk ƙanƙantarta, sau biyu ana tsuke faɗinta, kuma kowane karo sai da ya tayar da tambayar da ta daɗe tana damun maƙeran ƙananan jirage masu tururi: in aka rage layi, me za a yi da kan jirgi?

An shimfiɗa ta a 1895 da faɗin santimita 61 tsakanin ƙarafa biyu, dawakai na jan kayan ginin ƙauyen Fairbourne. A 1916 kamfanin da W. J. Bassett-Lowke ke ciki, mutumin Northampton da ya shahara wajen ƙera jiragen kwaikwayo, ya mai da faɗin santimita 38, ya kawo kan jirgi mai aiki da kwal da ruwa. Irin waɗannan, zanen injiniya Henry Greenly ne: kwafin manyan jiragen Ingila, an rage su zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda ya fi suna a cikinsu, Count Louis, ya iso a 1925.

Rage jirgi ba kamar rage hoto ba ne, kuma a nan malamin lissafi zai sami misali mai kyau ga ɗalibansa. In an raba tsawo da faɗi da tsayi biyu, filin murhun da kwal ke ci a kai yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, ruwan tukunya kuwa kashi ɗaya cikin takwas. Wuta ba ta san an rage ta ba, haka nan hannun direba da shebur ɗinsa suna nan yadda Allah ya yi su. Shi ya sa Greenly yakan ɗan kumbura tukunya fiye da yadda ma'auni ya ce, don jirgi ya iya jan fasinjoji. Tsuke kan jirgin da aka riga aka ƙera ya fi wannan wuya. Sai an matso da ƙafafu ciki, ga shi kuwa gangar ƙarfen da ke riƙe da su, da murhun da ke zaune a tsakiyarta, sun riga sun cinye wurin. Sau da yawa sai an sake gangar baki ɗaya.

Wata dabarar ita ce a bar jirgi yadda yake a gyara layi. A 1926 an sayo wani kan jirgi mai faɗin santimita 46, aka ƙara masa ƙarfe na uku a wani sashe na hanyar. Abin bai ɗore ba.

Babban sauyi ya zo ne bayan John Ellerton ya sayi hanyar a 1984. Yana da jiragen da aka ƙera domin wata hanyar yawon buɗe ido ta Guerlédan a yankin Bretagne na Faransa, wadda ta yi aiki a 1978 da 1979 kawai. Faɗinsu santimita 31 ne. Maimakon ya buɗa su, sai ya tsuke hanyar, aka gama a 1986. Abin mamaki, jiragen da suka shigo sun fi na da kauri da tsayi, domin su rabin girman asalinsu ne, asalin kuma jiragen ƙananan hanyoyi ne masu santimita 60 ko 61: Sherpa kwafin na Darjeeling ne a tsaunukan Indiya, Yeo kuma na hanyar Lynton da Barnstaple.

A ganina Ellerton ya yi daidai ta fuskar aiki, don tukunya mai girma ta fi jure dogon yini na bazara. Amma an biya farashi. Injin dizal mai suna Sylvia ya sha gyara, ya dawo da sabon jiki da sunan Lilian Walter, su kuwa masu tururin santimita 38, har da Count Louis da ya shekara wajen sittin yana kai da kawowa a bakin wannan teku, ba a tsuke su ba. An kwashe su, suka watsu zuwa wasu hanyoyi da hannun masu tara kayan tarihi.