Wili Mai Juya Kansa: Tarihin Na'urar da Ta Gagari Maƙera

Wili mai juya kansa na'ura ce da masu ƙirƙira suka shafe fiye da shekara 800 suna neman ƙerawa: wili wanda nauyin da aka rataya masa zai riƙa juya shi har abada, ba mai, ba iska, ba ruwa, ba hannun mutum. Dabarar kusan ɗaya ce a duk inda aka gwada ta. Ana jera nauye-nauye yadda na ɓangaren da ke sauka za su yi nesa da tsakiyar wilin, na ɓangaren da ke hawa kuma su matso kusa, don gefe ɗaya ya riƙa rinjayar ɗayan ko da yaushe. Har yau ba a samu ko guda da ya yi aiki ba.

Daga Indiya zuwa Turai

Wajen shekarar 1150 masanin lissafi da taurari na ƙasar Indiya, Bhaskara na Biyu, ya siffanta wili mai bututu da aka zuba wa zaiba, da fatan kwararar zaibar daga wannan gefe zuwa wancan za ta hana shi tsayawa. Zane-zane irin wannan sun bayyana a wasu littattafan Larabci na aikin injuna, kuma wasu masana tarihi suna ganin ta nan dabarar ta isa Turai. Wajen 1230 wani Bafaranshe, Villard de Honnecourt, ya zana wili mai guduma bakwai masu lilo a gefensa. Leonardo da Vinci ma ya yi zane-zanen irinsa, ya auna su, ya watsar, har ya haɗa masu wannan nema da masu alkimiyyar neman zinariya a layi ɗaya.

A 1586 Simon Stevin, mutumin Bruges, ya juya maganar. Ya zana sarƙar ƙwallaye 14 rataye a kan gangare biyu, ɗaya dogo ɗaya gajere, ya ce tun da hankali ba zai yarda sarƙar ta yi ta juyawa da kanta ba, to dole nauyin ɓangarorin ya daidaita. Da haka ya fitar da ƙa'idar nauyi a kan gangare. Wannan, a ganina, shi ne amfani na farko da wilin ya yi wa ilimi, kuma ya yi shi ne ta hanyar ƙin juyawa.

Wilin Bessler

Babu labarin da ya kai na Johann Bessler, Bajamushen da ya laƙaba wa kansa Orffyreus, ɗaure kai. A 1712 ya nuna wilinsa na farko a garin Gera. Daga baya Karl, mai mulkin Hesse-Kassel, ya ɗauke shi ƙarƙashin inuwarsa, ya ba shi wuri a fadar Weissenstein. Nan ya gina wili mai faɗin ƙafa 12, ya lulluɓe cikinsa don kada a ga yadda yake. Ranar 12 ga Nuwamba 1717 aka kulle ɗakin, aka buga hatimi a ƙofa. Da aka buɗe ranar 4 ga Janairu 1718, sai aka ba da shaidar cewa wilin yana nan yana juyawa.

Manyan mutane sun ɗauki abin da muhimmanci. A 1721 Willem 's Gravesande, malamin jami'ar Leiden, ya duba wilin daga waje, bai gano wata ha'inci ba, ya rubuta wa Isaac Newton wasiƙa a kai. Sarkin Rasha, Bitrus Mai Girma, ya nuna sha'awar saye, amma ya rasu a 1725 ciniki bai faɗa ba. Bessler ya sa wa sirrinsa kuɗi mai tsada, ya kuma ƙi yarda masana su leƙa ciki kafin a biya. A 1727 wata mai aikin gidansa ta yi iƙirarin cewa daga ɗakin da ke maƙwabtaka ake juya wilin da hannu. Wasu sun yi shakkar maganarta. Bessler dai ya rasu a 1745, bayan ya faɗo daga wani injin niƙa mai aiki da iska da yake ginawa, bai bayyana wa duniya komai ba. Na'urar da aka hana a duba cikinta ba ta isa hujja ba, komai yawan masu shaida.

A Amurka ma an yi irin haka. Charles Redheffer ya riƙa karɓar kuɗin kallo a Filadelfiya a 1812, sannan a New York a 1813, har injiniya Robert Fulton ya lura da rashin daidaiton juyin, ya ɓamɓare katako, ya bi wata igiya da aka ɓoye har zuwa wani ɗaki inda wani tsoho ke murza hannun injin.

Abin da ya hana

Zanen yana ruɗar ido ne. Gaskiya ne nauyin da ke nesa da tsakiya ya fi ƙarfin juya wili, amma idan aka ƙirga, a gefen da nauye-nauyen suka yi nisa ba su da yawa, a gefen da suka matso kuma sun taru. Lissafin zagaye guda yakan tashi babu riba. Tushen maganar shi ne, duk ƙarfin da nauyi ya bayar yayin sauka, daidai shi ake bukata a mayar da shi inda ya fito, ko ta wace hanya aka bi da shi. Gugan da ya sauka gaba goma cikin rijiya sai an ja shi gaba goma kafin ya dawo baki. Ga shi kuma gogayyar ƙarfe da ƙarfe da tokarewar iska suna cinye wani kaso a kowane zagaye, suna mayar da shi zafi. Saboda haka wilin yakan yi lilo ya tsaya inda nauyinsa ya fi yin ƙasa.

Tun a 1775 Cibiyar Kimiyya ta Paris ta yanke shawarar daina duba irin waɗannan na'urori. A shekarun 1840 ayyukan Julius Mayer da James Joule da Hermann von Helmholtz suka tabbatar da dokar cewa makamashi ba a ƙirƙirarsa daga babu, sai dai ya sauya kama.

Janyowar ƙasa tana aiki, amma sai wani abu ya fara ɗaga nauyin. Ruwan da ke juya injinan madatsar Kainji zafin rana ne ya ɗauke shi daga teku, ya sauka a matsayin ruwan sama a tuddai, sannan ya gangaro ta kogin Kwara. Agogo mai aiki da nauyi kuwa sai an ɗaga masa nauyin lokaci-lokaci.

Neman bai mutu ba. Bidiyoyin irin wannan wili sun cika intanet, kuma ƙarancin wutar lantarki ya sa masu tallar janareta maras shan mai suna samun kasuwa. Duk wanda aka kawo wa irin wannan talla, ya nemi a buɗe masa cikin na'urar, a cire batir, a bar ta ta kunna fitila na kwanaki a gabansa kafin ya fitar da ko sisi.