Gimlet: Maganin Teku da Ya Koma Mashaya

A 1747 James Lind, likitan sojan ruwan Birtaniya, ya gwada lemu a kan matuƙan jirgi masu fama da sikabi, cutar da ke ruɓar da dasashi, ta kuma hallaka mutane a doguwar tafiyar teku. Sai a 1795 rundunar ta fara raba ruwan lemun tsami ga dakarunta.

A 1867 doka ta wajabta shi a jiragen fatake. A wannan shekarar ne Lauchlan Rose, ɗan Sikotland, ya yi rajistar dabarar adana ruwan ba tare da barasa ba. Gauraya shi da barasar jin ita ce ta haifi Gimlet, wanda Harry Craddock ya rubuta a littafinsa na otal ɗin Savoy a 1930: rabi jin, rabi ruwan Rose.

Sai dai ƙaramin lemun Karibiyan da Birtaniya ta koma amfani da shi bai kai babban lemun Bahar Rum yawan bitamin C ba. Ayarin George Nares da ya nufi yankin Aktik a 1875 ya tafi da guzurinsa, amma sikabi ta kama shi. Maganin ya gaza, ɗanɗanon ya wanzu.