Gumakan Nok a Hulɗar Al'adu Tsakanin Ƙasashe

Gumakan Nok mutum-mutumi ne na gasasshen yumɓu, waɗanda masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928 kusa da ƙauyen Nok, kuma dominsu da ire-irensu ne masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya assasa Gidan Tarihi na Jos a 1952. Daga bisani fataucinsu ta ɓarauniyar hanya ya yawaita, har al'amarin ya zama mas'alar siyasa a 2000, sa'ad da gidan tarihin Louvre na Faris ya baje biyu daga cikinsu, alhali dokar Nijeriya ta haramta fitar da irinsu ba da izini ba. A 2002 aka yi sulhu: Faransa ta yarda mallakar Nijeriya ne, Nijeriya kuwa ta bar mata su aro na shekara 25.

Masana sun yi saɓani a kan wannan yarjejeniya. Wasu na ganin gumakan jakadu ne masu ɗaukaka martabar ƙasa a idon duniya, wasu kuwa, kuma hujjarsu ta fi ƙarfi, suna cewa aron ya halatta abin da aka samu ta haram, ga shi ɗalibin Anguwan Rukuba da ke Jos ba ya da halin zuwa Faris ya ga gadon ƙasarsa.